Abin da Empetirwa Ta Iya Ɗauka

Ku yaran yanzu, in aka kawo muku ordinatar, wato kwamfuta, da ta ƙi tashi, sai ku zaro kile, ɗan filashin nan, daga aljihu, ku soka, ku danna nan ku danna can, ku koma kan telehon kuna jiran ta gama. Shi ya sa kuke cewa sana'ar ba ta da wuya. Ban ce ba ku iya ba, hannunku ya fi nawa sauri nesa ba kusa ba. Amma tunda kun gan ni da wannan tsohon abin kiɗa a cikin akwatin kayan aiki kun yi dariya, ku gyara zama ku ji aikin da ya yi, da wanda ya kasa.

Na shigo sana'ar nan ta hannun Malam Sale, Allah ya jiƙan shi. Asalinsa mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Madawa, kusa da babbar hanya inda motocin albasa ke tsayawa. Ya yi shekaru a Abijan wajen bida, wato ci-rani, can ya koyo gyaran ordinatar. Da na zo wurinsa ni ba yaro ba ne, na riga na yi lakol, makarantar boko, na bari, na yi noma, na yi aure. Duk da haka watanni na yi bai bar ni na kunna inji ba. Aikina shi ne in kwance marfi, in zuba sukurori a gwangwanin madara, in goge ciki da tsohon buroshin haƙori, in hure da famfon keke. In na gama sai ya kunna da kansa, ya ce in ɗora kunne a jikin ƙarfen.

"Mi ka ji, Isuhu?"

"Ina jin fanka, Malam."

"Fanka kowa shina jin ta. Bayan fanka fa?"

Da haka na koyi bambanta diski mai lafiya, wato ma'ajiyar da ke cikin inji, da wanda ya fara ciwo. Mai lafiya yana da wani gunji siriri, ba ya yankewa. Wanda ya kama hanyar mutuwa kuwa sai ka ji yana ƙas, ƙas, kamar kaza na tsattsagar faranti.

A lokacin, duk wanda zai sa wa inji sistem, wato manhajar da ke tafiyar da shi, da faifan sede yake sawa. Muna da jakar sede guda, muna lallaɓa ta kamar ƙwai. To injunan da ke zuwa ƙasar nan tsofaffi ne, an gama cin moriyarsu a Turai kafin su sauka Kwatano su iso mana. Abin da ke fara mutuwa a jikinsu shi ne lektar, wato aljihun da ke karanta sede. Zafin garin nan ma ba ya barin faifan, ka bar shi a jaka da rana ka tarar ya lanƙwashe. Kile kuwa bai yawaita ba, wanda ke kasuwa ma yawanci na jabu ne: zai nuna maka ciki mai faɗi, ka zuba kaya ya haɗiye, ka buɗe ka tarar da wayam.

Aikin da ya buɗe mana ido na wani mai buga wa mutane takardu ne. Injinsa ya ƙi tashi, lektar ta mutu, ga mutane sun yi layi suna jiran takardun neman aiki. Muka ciro lektar wani inji muka jona, ita ma ta ƙi. Ana nan sai na tuna da empetirwa ɗin, wato wannan abin kiɗa na MP3, da wana ya kawo min tsaraba daga Libiya. Ga ta nan kuna gani, tsawon yatsa, ƙaramin batir ɗaya take ci, in ka cire hular kanta sai bakin kile ya bayyana. Na lura duk sanda na soka ta don zuba waƙoƙi, ordinatar na ɗaukarta tamkar kile. Na faɗa wa Malam Sale.

Ya juya ta a tafin hannu. "Abin kiɗa, Isuhu? To gwada. In ta tada inji, ni ma sai in taka rawa."

Ga yadda abin yake, ga wanda bai sani ba. Inji in ya farka, kamar mutum ne da ya tashi daga barci a ɗakin da bai sani ba, sai an gaya masa inda ƙofa take. Diskinsa ne ke gaya masa. In sistem ɗin da ke kan diskin ya lalace, sai ka shiga biyos, wato saitin farko da ke fitowa kafin komai, ka ce masa ya bar diski, ya nemi umarni wurin baƙon da aka soka masa. Muka kwashe waƙoƙin, muka share empetirwa tas a kan ordinatar hannu ta Malam Sale, muka zuba mata sistem. Muka soka, muka kunna. Inji ya wuce ta kamar bai gan ta ba. Muka sake, haka. Malam Sale ne ya gano dalili. Ya ce in duba ɗan gilashinta: sai inji ya gama dube-dubensa ya wuce, sannan ita take buɗe ido. Nawa gare ta, kamar tsohon jaki. Dabarar ita ce ka bar ta ta farka, sannan ka sake tada injin ba tare da ka kashe wuta ba. Da muka yi haka, rubutu ya fara gudu a ekaran, wato fuskar injin. Malam Sale bai yi rawar ba, amma ya aika aka sayo mana hura.

Daga nan ta zama abokiyar tafiya. Muka sa mata wani ƙaramin sistem mara nauyi, wanda ke aiki daga cikinta kai tsaye, ba sai an sauke shi a kan inji ba. Da shi kake shiga injin da ya mutu ta taga, ka ga duk abin da ke kan diskin, ka kwashe wa mai shi kayansa zuwa wani wuri kafin ka share. Wurin da muke kwashewa wani babban diski ne na ɗauka, mai waya, da Malam Sale ya zo da shi daga Abijan. Su biyun tare suke tafiya: ita ta buɗe ƙofa, shi ya ɗauki kaya. Sauran gurbin da ya rage a cikinta na mayar da waƙoƙina. In an kira ni zuwa garin Buza ko Galma, sai in hau kabu-kabu da abin kunne ina saurare, in na isa in zare shi in soka ta a inji. Wani majo, shugaban gidan likita a ƙasar Buza ya taɓa tare ni a bakin ƙofa ya ce shi mai gyara ya kira, ba makaɗi ba. Da sunayen magungunansa suka dawo kan ekaran, shi ya raka ni har bakin hanya.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke ɗaukar ciki. Manyanku sun tuna ta. Maza suka watse bida tun kafin lokacin girbi, don ba abin girba. Wanda ke neman abin da zai sa a tukunya ba ya gyaran ordinatar. Buro-buro, wato ofisoshi, suka lulluɓe injunansu da zane suka bar su. Sai mu wuni a rumfa ba wanda ya yi sallama, ga idon Malam Sale ya fara rauni, ba ya ganin ƙananan sukurori. Da abin ya yi tsanani ya sayar da ordinatar hannun da babban diskin ga wani mutumin Konni mai zuba wa mutane fim, aka sayo hatsi aka raba gidansa da gidana. Ba wanda zai ce kuskure ne. Yara ne suka ci. Muka rage daga turnabis na kwance sukurori, jakar sede, sai wannan.

Ba a daɗe ba aka aiko kirana daga wata rediyon karkara, a wani gari cikin duwatsun Keita, gaba da Tamaske. Na tashi da sanyin safiya, hanyar duk tsakuwa ce da gangare, na isa hantsi ya ɗaga. Rediyon ɗaki biyu ce da dogon ƙarfe, da hasken rana take aiki. Wadda ta tarbe ni Madam Ramatu ce, tsohuwar malamar lakol, mace mai kamar shekarun yayata ta fari. Ita ke gabatar da shirin tsofaffi. Shekaru ta yi tana bin ƙauyuka da rakoda, wani lokaci a kan amalanke, tana zama da dattawa maza da mata, su ba ta labarin kafuwar garuruwansu, da yunwar zamanin da, da yadda mata suka ɗauki dutse a ka suka tare kwazazzabai har ƙasa ta dawo. In ta dawo sai a juye kasat ɗin a cikin ordinatar. Na tambaye ta ina kasat ɗin suke.

"Ƙanena, kasat nawa gare mu? In anka juye, sai in koma in ɗauki wani bisa nai. Duk abin da munka tara shina cikin wanga inji."

Na kunna. Ban ko kai kunne jikin ƙarfen ba na ji shi: ƙas, ƙas. Na kashe nan take. Na kwance, na ciro diskin daga mazauninsa ba tare da na cire wayoyinsa ba, na sa aka kawo murfin randa mai sanyi na ɗora shi a kai. Na soka empetirwa, na yi mata dabararta, ƙaramin sistem ya tashi. Diskin ya yi ƙas ɗinsa, ya yi shiru, ya sake, can sai na ji gunjin ya kama. Sunayen ƙauyuka suka jeru a ekaran. Madam Ramatu ta ce alhamdu lillahi, ta fara gyara ɗaurin kallabi kamar an gama.

Na ce mata ba a gama ba, kuma na faɗa mata gaskiya yadda take. Diskin nan ya tashi ne da ƙyar, in aka kashe shi ba ni da tabbacin zai sake tashi. In na ɗaure shi a bayan babur na bi da shi wannan tsakuwar zuwa Madawa, gawa zan kai. Dole a kwashe yanzu, a nan. Wurin kwashewa kuma ba ni da shi sai cikin empetirwa, ita kuwa cikinta ƙarami ne, jiga ɗaya duka-duka, sistem ya ci wani abu, kuma ba a zare ta a je a juye a dawo, don a kanta injin yake tsaye. Muryoyin an ajiye su ne da nauyinsu, ba a matse su ba. Abin da ke kan diskin ya ninka gurbin da nake da shi sau da yawa.

Aka bazama cikin gari neman kile. Ordinatar meri, ofishin magajin gari, tana kulle, mai mabuɗin ya tafi Tawa. Wani malamin lakol ya kawo nasa kilen da gudu, na gwada shi da abu guda, ya haɗiye ya ba ni wayam. Na share waƙoƙina duka, gurbin ya ɗan ƙaru. Na juya na ce, "Madam, sai ki zaɓa. Kuma ba a saurare daga kan diskin, duk karatun da ya yi yana rage mishi kwana. Da suna za ki zaɓa."

Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta karɓi mahuci tana yi wa diskin fifita da hannu ɗaya, ɗayan tana nuna ekaran. Ba ta yi dogon tunani ba. "Wanga ya rasu, ɗauka. Wagga ta rasu, ɗauka. Wanga shina da rai, ni koma wurinshi, bar shi." Haka muka bi. Kowane ɗaya sai ya ɗauki lokaci yana rarrafe, in diskin ya yi ƙas sai hannunta ya tsaya da fifitar, in gunji ya dawo ta ci gaba. Na lura akwai wani da aka rubuta wa Baba kawai, babu sunan ƙauye. Duk sanda muka zo kansa sai ta tsallake. Na tambaya.

Mahaifinta ne. Ta ce gidansu tun kakanni su ke buɗe noma a garinsu. Akwai waƙar da dattijon gidan ke yi a bakin gona kafin kowa ya sa kalme a ƙasa, mai lissafa sunayen waɗanda suka sari dajin da inda kowa ya tsaya. Mahaifinta ya gaje ta, amma tun da ya kama salla da gaske ya bar yin ta, in an roƙe shi sai ya ce abin da ya wuce ya wuce. Shekara da shekaru tana lallashinsa. Sai da ya kwanta ciwon ajali, wata rana da hantsi, ya ce ta kawo rakodarta. Sau ɗaya ya yi ta, daga farko har ƙarshe.

Na ce, "To Madam, ai shi ya kamata mu fara ɗauka."

"A'a. Waɗanga mutane ni na tai gidajensu, na ce musu za a adana. Ɗiyansu na zuwa nan suna tambaya ta. Nawa na gida ne, shi jira."

Na sake magana, na ce diskin ba ya jira. Ta ce ta ji, in ci gaba. Mai kaya ya fi mai gyara iko da kayansa, na ci gaba.

Rana ta take, ɗakin ya ɗauki zafi, aka sauya murfin randar da wani. Sanda muka gama da mamatan, gurbin da ya rage bai kai girman na Baba ba, saura kaɗan. Sai an cire wani. Ta bi sunayen da muka riga muka ɗauka, sama da ƙasa, ta rasa wanda za ta taɓa. Daga ƙarshe ta tuna akwai wata tsohuwa da ta ɗauka sau biyu, labarin kusan iri ɗaya, ta ce in cire na biyun. Na cire. Na ja na Baba na saka.

Ya fara tafiya lafiya. Ɗan layin da ke nuna ci gaba ya taso, ya wuce kashi ɗaya cikin uku, ya doshi rabi. Sai ƙas. Gunji ya dawo, layin ya ɗan motsa. Ƙas, ƙas, ƙas. Daga nan na ji wani siririn kuka kamar an ja ƙusa a kan kwano, sai shiru. Na san wannan kukan, allurar da ke karatu ce ta sauka ta kafta fuskar faifan. Na jira ya huce, na kashe, na kunna. Na juya shi a kan gefensa, na sake. Na yi duk abin da Malam Sale ya koya min, har da waɗanda ya ce kada in yi sai in ba sauran fata. Bai sake juyawa ba. Madam Ramatu tana ta fifita, sai da na ce mata ta huta.

Ta ajiye mahucin a cinya. "Abin da ya shiga fa, ana jin shi?"

Na ce irin wannan ajiyar, ko ba ta cika ba, ana jin abin da ya samu shiga. Na zare empetirwa, na sa mata batir, na miƙa mata abin kunne. Ta saurara, idonta a kan bango. Da ya yanke ta cire, ta naɗe wayar a hankali ta ba ni, ta tambaye ni ko na ci abinci.

Babban diskin da muka sayar zai ɗauki duk abin da ke injin nan har da saura, kuma da shi a hannuna da na fara da jan komai gaba ɗaya tun diskin na da ƙarfi. Da na koma na ba Malam Sale labari, sai ya tashi ya shiga gyara wata rediyo da ba mai ita. Bayan damina ya bar min rumfar ya koma ƙauyensu, can ya rasu. Mataccen diskin na aika da shi Yamai wurin wani da ake yabo, na kuma ba wani direba ya kai Kano. Duka suka dawo min da shi da magana ɗaya: fuskar ta karce, ba abin da za a karanta. Yau katin da ke cikin telehon ɗin kowanenku, wanda bai kai farce ba, zai haɗiye aikin Madam Ramatu duka bai ji ya ci komai ba.

Empetirwa ban sake sa mata waƙa ba, ban kuma yi aiki da ita ba har sai da na samo wani tsohon diski mai lafiya na koma garin. Na sa musu sistem, na juye muryoyin, na kuma sa aka buga su a sede aka ajiye a gida biyu. Ranar ta dace da ranar shirinta, ta ce in zauna in ga yadda ake yi. Na zauna a kan benci cikin ɗakin, ta sa abin magana a gabanta. Ta gaida masu saurare, ta gaya musu injin rediyo ya yi ciwo, wasu muryoyin sun tsira, wasu sun tafi. Ta karanta sunayen waɗanda suka tsira don iyalansu su sani. Sannan ta ce yau za a ji mahaifinta.

Aka ji motsin tabarma, da tarin tsoho, da muryarta tana cewa ya matso kusa. Ya yi bisimilla, ya ce Allah ya yafe mishi in akwai laifi a ciki. Sai ya ɗauko waƙar, murya a dushe amma ba ta rawa, yana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, wane ya sari gabas, wane ya tsaya bakin fadama. Yana tsakiyar wani suna ta yanke.

Madam Ramatu ta matso ta ce, "Nan ta tsaya wurinmu. In akwai wanda ya san sauran, tsoho ko tsohuwa, nan ko wani gari, shi aiko, ni zan taho da kaina."

Ta maimaita wannan kiran a ƙarshen kowane shiri har ta bar aiki. Mutane sun zo da yawa, daga ƙauyuka masu nisa, su zauna a kan bencin nan a kunna musu iyayensu. Na sauran waƙar, ba wanda ya zo.